Iya Magana a Gaban Alƙali: Fagge da Sabon Gari

Malaman fiƙihu sun daɗe da sanin haɗarin mai zaƙin baki. Hadisin Ummu Salama ya nuna cewa wani kan fi abokin shari'arsa iya tsara hujja, a yanke masa abin da ba nasa ba. Don haka tsarin Malikiyya da alƙalan Kano suke bi, musamman littafin Tuhfa na Ibn Asim, mutumin Garnaɗa wanda ya rasu a 1426, ya ɗaure harshe da ƙa'ida: mai da'awa ya kawo shaidu, wanda ya musa ya yi rantsuwa.

To, amma a ganina fasaha ba ta fita daga zauren alƙali ba, wuri ta sauya. Aikin farko na alƙali shi ne tantance wane ne mai da'awa, kuma ba lallai ne ya zama wanda ya kai ƙara ba. A Fagge, zangon fatake da Buzaye tun kafin jirgin ƙasa, rigimar bashi da ajiya da dillanci ba ta yankewa. Idan mutum ya ce "ba ka bi na komai", rantsuwa ce a kansa. Idan kuwa ya ce "na ci, amma na biya", ya amsa bashin ke nan, nauyin kawo shaidu ya koma wuyansa. Gogaggen dillali ya san wannan sarai, baƙauye kuwa sai ya faɗa ramin da bakinsa. Shi ya sa masu hali suke naɗa wakili mai ilmi, tun da a zamanin En'e ba a yarda lauya ya tsaya a kotunan gargajiya ba. Abin da ke ceton mai nauyin baki shi ne i'izari, wato tambayar da alƙali zai yi kafin hukunci, ko akwai sauran hujja.

Sabon Gari, wadda aka kafa bayan zuwan jirgi a 1911, lamarinta dabam ne. A kotun haɗaka ta can Yarabawa da Ibo da sauran baƙi suke shari'a bisa al'adunsu, sau da yawa ta bakin tafinta. Kowa ya san tafinta yana iya ƙara wa magana gishiri, yana iya rage mata.

Bayan dokar 1967 an karɓe kotuna daga hannun En'e, suka koma na gwamnati. Daga baya lauyoyi suka sami shiga, suka zo da tambayar ƙure shaida da dogon jawabin rufewa, alhali tsofaffin alƙalai abin da suka fi dubawa shi ne adalcin shi kansa mai shaidar.