Yadda Haramcin Cacar Wasanni Ya Rushe a Amurka

A shekarar 1992 Majalisar Dokokin Amurka ta zartar da dokar PASPA, wadda ta hana jihohi halatta caca kan sakamakon wasanni. Sanata Bill Bradley, tsohon ɗan wasan ƙwallon kwando, ya tsaya mata tsayin daka, don gudun kada kuɗi su sa a riƙa sayar da wasa. An keɓe Nevada da wasu jihohi uku da suka riga suka fara harkar.

Jihar New Jersey, wadda kasuwar gidajen cacarta na Atlantic City ke ja da baya, ta ƙalubalanci wannan bambanci. Jama'arta sun amince da halattawa a ƙuri'ar raba gardama ta 2011, Gwamna Chris Christie ya rattaba hannu a 2012, sai hukumomin wasanni suka garzaya kotu, suka kuma yi nasara.

Ranar 14 ga Mayu, 2018, Kotun Ƙoli ta soke dokar, bisa hujjar cewa tsarin mulki bai ba tarayya ikon yi wa majalisun jihohi umarni kan dokokinsu ba. Tun daga nan jihohi fiye da 30 sun halatta cacar, amma Utah ta ci gaba da haramta ta.