Belin waɗanda ake tuhuma da safarar tabar wiwi a Najeriya

Belin wanda ake tuhuma da safarar tabar wiwi shi ne sakin da ake yi masa na wucin gadi kafin a kammala shari'arsa, bisa sharaɗin zai riƙa halartar kotu duk ranar da aka buƙace shi. A Najeriya doka ba ta hana belin mai irin wannan tuhuma ba, komai yawan tabar da aka ce an kama shi da ita, domin laifin ba ya cikin masu hukuncin kisa. Sai dai bayar da belin yana hannun alƙalin Babbar Kotun Tarayya, kuma sau da yawa sharuɗɗan da ake gindayawa su ne ke raba wanda zai koma gida da wanda zai ci gaba da zama a tsare.

Laifin da hukuncinsa

An kafa Hukumar Hana Sha da Fataucin Miyagun Ƙwayoyi ta Ƙasa, wato NDLEA, da dokar soja mai lamba 48 ta shekarar 1989. Sashe na 11 na dokar hukumar ya tanadi ɗaurin rai-da-rai ga wanda ya noma, ko ya shigo da, ko ya yi jigila, ko ya sayar da hodar ibilis da makamantanta. Wanda aka samu da laifin mallaka kuwa, hukuncinsa ɗaurin shekara 15 zuwa 25 ne. Sashen bai ambaci tabar wiwi da sunanta ba, amma a shari'ar Okewu da Gwamnatin Tarayya ta shekarar 2012 Kotun Ƙoli ta tabbatar da cewa wiwi tana cikin ƙwayoyin da ake nufi. Haka kuma sashen bai raba hukunci bisa nauyin kaya ba. Nauyin yana tasiri ne a wajen alƙali, lokacin da yake auna girman laifin.

Sashe na 26 na dokar ya ba Babbar Kotun Tarayya kaɗai ikon sauraron waɗannan laifuka. Saboda haka kotun majistare, ko kotun shari'ar Musulunci, ko babbar kotun jiha, ba su da hurumin yanke hukunci a kan tuhumar da aka shigar ƙarƙashin dokar NDLEA.

Tushen beli a doka

Sashe na 36(5) na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya ce duk wanda ake tuhuma ba mai laifi ba ne har sai an tabbatar da laifinsa. Sashe na 35 kuma ya wajabta a kai wanda aka kama gaban kotu cikin kwana ɗaya idan akwai kotun da ke da hurumi a tazarar kilomita 40, ko cikin kwana biyu idan ta fi haka nisa, sai dai in kotu ta ga dalilin ƙarin lokaci. Idan aka yi wata biyu mutum yana tsare ba a yi masa shari'a ba, sashen ya ce a sake shi, ko da sharaɗi ko babu.

Cikakken tsarin beli a kotunan tarayya yana cikin Dokar Gudanar da Shari'ar Laifuka ta 2015, wadda lauyoyi ke taƙaita sunanta da ACJA. Dokar ta kasa laifuka gida uku. Mai hukuncin kisa, a sashe na 161, ba a bayar da belinsa sai da dalili na musamman, kamar rashin lafiya mai tsanani ko jinkirin shari'a da ya wuce shekara ɗaya. Laifin da ɗaurinsa ya haura shekara uku yana sashe na 162, kuma nan ne safarar wiwi ta faɗa. Sauran ƙananan laifuka suna sashe na 163.

Sashe na 162 ya ce a bayar da beli, sai fa idan akwai dalilin zaton cewa wanda ake tuhuma zai sake aikata wani laifi, ko zai tsere wa shari'a, ko zai tsorata shaidu, ko zai ɓoye ko lalata hujja, ko zai kawo cikas ga bincike da aikin shari'a.

Yadda ake neman beli

Beli iri biyu ne. Na farko shi ne wanda hukumar da ta yi kamu ke bayarwa kafin a kai mutum kotu, kuma a doka ba a biyan kuɗi a kansa. A kamun da ya kai buhuna masu yawa, hukumar ta fi barin maganar ga kotu. Idan bincike bai ƙare ba, tana iya neman umarnin tsarewa na kwana 14, wanda ake iya sabuntawa bisa ƙa'idar sashe na 296.

Na biyu shi ne belin kotu. Bayan an karanta tuhuma, wanda ake tuhuma ya musanta, lauyansa yakan gabatar da buƙata a rubuce tare da takardar rantsuwa. Lauyan NDLEA yana da damar mayar da martani da tasa takardar. A shari'ar Bamaiyi ta 2001, Kotun Ƙoli ta zayyana abubuwan da alƙali zai duba, ciki har da nau'in tuhuma, da ƙarfin hujja, da tsananin hukunci, da tarihin mutum, da yiwuwar ya gudu. A nan ne yawan kaya ke shigowa. Mai gabatar da ƙara yakan ce wanda ke fuskantar ɗaurin rai-da-rai, kuma yana da masu ɗaure masa gindi, ba zai dawo ba idan aka sake shi. Lauyan da ke kare shi kuma yakan nuna cewa yana da iyali da sananniyar matsuguni, ko kuma direba ne ko yaron mota da aka ɗora wa kaya bai san abin da ke ciki ba.

Sharuɗɗa

Sashe na 165 ya ce kada sharuɗɗan beli su wuce kima. Waɗanda aka fi gindayawa su ne adadin kuɗin da za a ci tara idan mutum ya gudu, da mai tsaya masa ɗaya ko biyu da ke zaune a yankin kotun, da takardar mallakar fili ko gida, da ajiye fasfo. Sashe na 167 ya hana a ƙi karɓar mace a matsayin mai tsayawa don kawai ita mace ce. Wasu alƙalai kan nemi babban ma'aikacin gwamnati, sharaɗin da Kotun Ɗaukaka Ƙara ta soka a shari'ar Sambo Dasuki a 2019.

Idan wanda aka ba beli ya ƙi zuwa kotu, ana soke belin a bayar da sammacin kama shi, kuma sashe na 352 ya ba kotu damar ci gaba da shari'a ba ya nan bayan ɗage zama sau biyu. Mai tsayawa shi ma yana shiga matsala. Sanannen misali, ko da yake ba na ƙwaya ba ne, shi ne tsare Sanata Ali Ndume a watan Nuwamban 2020 bayan Abdulrasheed Maina, wanda ya tsaya wa a kan naira miliyan 500, ya tsere.

A Tambuwal da Kebbe

Mafi yawan wiwin da ake nomawa a Najeriya tana fitowa ne daga dazuzzukan jihohin kudu irin su Ondo da Edo da Delta da Osun, sannan a yi jigilarta zuwa arewa. Binciken da Ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da ƙwayoyi da laifuka ya gudanar tare da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa a 2018 ya ƙiyasta masu shan wiwi a ƙasar da mutum miliyan 10.6.

Garin Tambuwal yana kan babbar hanyar da ta taso daga Legas ta bi ta Ilorin da Kontagora da Yawuri da Jega zuwa Sakkwato, har iyakar Nijar a Illela. Ƙaramar hukumar Kebbe kuma tana iyaka da jihohin Kebbi da Zamfara. Duk wanda aka kama da wiwi a waɗannan wurare, shari'arsa tana Babbar Kotun Tarayya da ke birnin Sakkwato, mai nisan kusan kilomita 100 daga Tambuwal. Wannan tazara ta wuce kilomita 40 ɗin da tsarin mulki ya ambata, kuma tana nufin dangi da masu tsayawa sai sun yi ta zirga-zirga zuwa birni. Ga shi kuma gonaki da gidajen karkara galibi na gado ne, shaidarsu tana wajen mai unguwa da hakimi, ba su da takardar mallaka ta gwamnati. Manomin da ke da gona babba yana iya kasa tsaya wa ɗan'uwansa saboda rashin takarda. Idan haka ta faru, lauya yana iya roƙon kotun ta sassauta sharuɗɗan, ko ya tafi Kotun Ɗaukaka Ƙara reshen Sakkwato. Wanda ba shi da halin ɗaukar lauya yana iya neman taimakon hukumar tallafin shari'a ta tarayya.

An zartar da dokar ACJA ne a lokacin da Aminu Waziri Tambuwal, ɗan majalisar mazaɓar Kebbe da Tambuwal, yake Kakakin Majalisar Wakilai, kuma Shugaba Goodluck Jonathan ya sa mata hannu a watan Mayun 2015.

Muhawara

Masu son a tsaurara beli suna cewa manyan dillalai kan koma sana'arsu da zarar an sake su. Masu kare haƙƙin ɗan'adam kuma suna cewa tsauraran sharuɗɗa ba sa hana mai kuɗi fita, talakan da aka yi wa aike ne ke makalewa, alhali kusan kashi biyu cikin uku na mutanen da ke gidajen gyaran hali a Najeriya jiran shari'a suke yi.

A watan Mayun 2024 Majalisar Dattawa ta amince da hukuncin kisa ga masu safarar miyagun ƙwayoyi. Da hakan ya zama doka, da belinsu ya koma ƙarƙashin sashe na 161 mai tsauri. Daga baya majalisun biyu suka daidaita a kan ɗaurin rai-da-rai, kuma a watan Yunin 2025 Shugaba Bola Tinubu ya ƙi sa hannu a ƙudirin gyaran, saboda tanadin da ya ba hukumar damar riƙe wani kaso na dukiyar da aka ƙwace.