Gidan Tarihi Na Ƙasa A Yamai

  Yau hirarmu a kan wani gida ne da ke Yamai, kusa da kogin Isa, ba nisa da gadar Kennedy. Sunansa gidan tarihi na ƙasa. Mutanen birni suna ce masa Mize. Da yawa cikinku kun ji labarinsa. Wasu sun shiga, sun ga zaki da kura da dorina, sun fito suna cewa sun ga gidan namun daji. Gaskiya ne akwai namun daji. Amma wanda ya tsaya ga zaki kaɗai, bai ga rabin gidan ba.

An buɗe wannan gida ranar 18 ga Disamba 1959. Ku duba wannan shekara da kyau. Nijar ta samu ƴancin kai ranar 3 ga Agusta 1960. Ke nan gidan ya girmi ƴancin kanmu da wata bakwai da ƴan kwanaki.

Mutum biyu ne suka fi shan wahalar kafa shi. Na farko Bubu Hama. An haife shi a 1906 a ƙauyen Foneko, wajen Tera. Ɗan talakawa ne. Ya yi lakkwal, ya zama mushe, ya koyar da yara. Daga baya ya zama shugaban majalisar dokoki, ya riƙe ta har 1974. Ya rubuta littattafai masu yawa. Abin da ya fi damunsa shi ne tsofaffi suna mutuwa da abin da suka sani, ba wanda ya rubuta. Ya rasu a 1982. A 2008 aka sa wa gidan sunansa.

Na biyu wani annasara ne mutumin Sipaniya, Pablo Toucet. Shi ne ya fara riƙe gidan. A ƙasashen Turai gidan tarihi babban soro ne mai rufi, mutane su shiga shiru su karanta takardu jikin bango. Shi ya ga irin wannan ba zai yi a nan ba. A wancan zamani mutanenmu kaɗan ne suka iya karatu. Sai aka ɗauki fili mai faɗi, hekta 24, aka shuka itatuwa. Aka gina ɗakuna nan da can, farare da adon shuɗi, irin zanen da maginan Hausa ke yi. Wani ɗaki na tufafi, wani na kayan kiɗa, wani na kayan noma da na yaƙi. Aka kafa gidaje irin na Zabarmawa da na Hausawa da na Filani da na Buzaye, kowane yadda masu shi ke yinsa. Manomi ya shiga ya ga haiwa irin tasa. Mace ta ga turmi da ƙwarya irin na uwarta. Ba sai an yi musu fassara ba.

An kuma kawo masu sana'a suka zauna ciki: maƙeran azurfa, dukawa, masaƙa. Suna aiki kana kallo, in kana da kuɗi ka saya. Ni a ganina wannan ita ce dabarar da ta fi kowace. Sana'ar da aka rufe cikin akwatin gilashi ta mutu. Wadda mai ita ke ci da ita, shi zai koya wa ɗansa.

Yanzu ku biyo ni wajen ƙasusuwa. Ranar da na fara shiga can, muna ɗaliban makarantar horon malamai, na yi tsaye baki buɗe. Na ɗauka ƙashin raƙumi ne aka haɗa da na giwa don a ruɗe ƴan ƙauye irina. Ashe ba haka ba ne.

Gabas da Agadas, cikin hamadar Tenere, akwai wani wuri da ake kira Gadufawa. Masu neman uraniyom ne suka tarar da manyan ƙasusuwa birjik bisa rairayi. Aka kira wani saurayi masanin ƙasusuwa daga Faransa, Philippe Taquet. Ya zo a 1964, ya sake dawowa. A 1966 ya tono wata dabba kusan cikakkiya. Tsawonta ya kai mita 7. Ganye take ci. Masana sun ce ta rayu shekara wajen miliyan 110 da suka wuce, tun babu mutum ko ɗaya a doron ƙasa. An kai ƙasusuwan Faris aka bincika, sannan aka maido su Yamai. A 1976 aka raɗa mata suna: Ouranosaurus nigeriensis. Sunan yana da wuyar faɗi, na sani. Amma ku ɗauki alli ku rubuta kalma ta biyu. Ku karanta baƙaƙe biyar na farko: n, i, g, e, r. Sunan ƙasarmu ne kamar yadda ake rubuta shi da faransanci.

A Gadufawa ɗin aka samo wani kada wanda tsawonsa ya kai mita 9 ko fiye. Kada kuwa ba ya zama inda babu ruwa. Ke nan inda yau raƙumi ke mutuwa da ƙishirwa, da can koguna ne da fadama.

Hamadar nan ta ba gidan wani abu kuma. Icce ne, busasshe, an gina masa rumfa tasa shi kaɗai. Baƙo zai ce: mene ne abin kallo ga guntun icce? Ku saurara. Kun san kantun gishirin da ake sayarwa a kasuwannin Maraɗi da Damagaram da Tawa. Daga Bilma da Fashi ayarin raƙuma ke kawo shi. A kan hanyarsu akwai icce guda ɗaya tak, mai ƙaya, dangin bagaruwa. Tafiyar kwanaki ba ka ganin wani. Madugai da shi suke gane hanya. Ba mai sarar reshensa ya dafa shayi, ba mai barin raƙuminsa ya ci ganyensa. Wajen 1938 zuwa 1939 aka gina rijiya kusa da shi. Masu ginin suka tarar saiwarsa ta bi ruwa har fiye da mita 30 ƙarƙashin ƙasa.

Iccen da ya jure rana da iska shekara da shekaru, kamyo ne ya kashe shi. A 1973 wani direba ya banke shi. Fili ga shi ko'ina, ba gida, ba garke, amma sai da ya same shi! Ranar 8 ga Nuwamba 1973 aka ɗauko gawarsa zuwa Yamai. A gurbinsa an kafa wani na ƙarfe.

Saura magana ɗaya, ita ce ta fi shafarku. A 1975, a Bura, wajen Tera, wani mutum ya ci karo da kawunan mutane na yumɓu. A 1983 wani masani ɗan ƙasarmu na jami'ar Yamai, Bube Gado, ya tona wurin a hankali. Ya tarar da maƙabarta ce ta mutanen da, da tukwane ɗaruruwa a kife, wasu da siffar mutum a kansu, har da mahayi bisa doki. Wasu sun fi shekara 1000. A 1993 aka nuna kayan a Faris, duniya ta gani. Daga nan fa masifa ta taso. Dillalai suka shiga ƙauyuka da kuɗi. Mutane suka ɗauki diga da shebur suka yi ta tonon kaburbura dare da rana. Abin da ya fashe a yar, mai kyau a sayar. Kayan suka ƙetare teku, suka shiga gidajen masu kuɗi.

Ba na zagin wanda ya tona. Yunwa ce, kuma ba wanda ya gaya masa. Amma ku gane asarar. Tukunyar da ke kwance inda masu ita suka ajiye ta, masani yana iya karanta ta kamar wasiƙa: zurfin ramin, gawayin da ke gefe, ƙashin da ke ƙarƙashi, su ne ke faɗin shekarunta da su wane ne suka yi ta. In an fizge ta daga nan, labarin ya tafi, ba ya dawowa.

Wani ɗalibina, dattijo, ya taɓa ba ni labari bayan darasi. Yana ginar ƙasar bulo ya samu wata ƴar tukunya da duwatsun wuya a ciki. Wani baƙo ya ba shi jika 2, ya miƙa masa. Ya ce: «Mushe, na ɗauka na ci riba.» Na tambaye shi ko ya san mutanen da suka zauna wurin kafin kakanninsa. Ya yi shiru. Ya ce bai sani ba, kuma ba wanda ya sani a garin.

Tun 1997 akwai dokar da ta hana tona irin waɗannan wurare da fitar da kayansu waje ba da izini ba. To, in garma ko diga ta taɓo maka tsohuwar tukunya, ko ƙashi mai girman da ba ka saba gani ba, kada ka ciro. Ka maida ƙasa ka rufe, ka sa alama. Ka gaya wa mai gari, shi ya kai maganar ga hukuma. Yanzu kun iya rubutu. Ka ɗauki takarda ka rubuta sunan garin, da gonar wane ne, da ranar da ka gani, ka ba malaminku na yaƙi da jahilci ya haɗa da saƙon.

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu. Ku huta lafiya.