Tarihin Fitilar Masu Ɗaukar Hoto

Jama'a, duk wanda ya taɓa tsayawa gaban mai hoto da dare ya san walƙiyar nan da kan kashe ido. Amma kaɗan ne daga cikinmu suka san wuyar da aka sha kafin a same ta, balle abin da ta tona.

Sa'ad da aka bayyana hikimar Daguerre, mutumin Faransa, cikin 1839, hoto ba ya ɗaukuwa sai da hasken rana. Watau duk abin da ke cikin kogo, ko kurkuku, ko ɗakin matalauci, ya tsira daga idon akwatin hoto. Sai masana suka lura da wani ƙarfe, maganisiyam, wanda in an cinna masa wuta ya kan ba da haske fari fat. Da shi Piazzi Smyth, masanin taurari, ya ɗauki hoton cikin babbar dalar Masar a 1865, ko da ya ke hayaƙi ya hana shi sakat.

Cikin 1887 waɗansu Jamusawa biyu, Miethe da Gaedicke, suka gauraya garin ƙarfen nan da wani sinadari mai sa wuta ta ci farat ɗaya, kamar albarushi. Labari ya kai kunnen Jacob Riis, wani ɗan jarida haifaffen Danmak da ke zaune a Niyok ta Amurka. Ya daɗe yana rubuta yadda baƙi matalauta ke kwana jibge cikin ɗakunan da ba taga, ba wanda ya kula. Sai ya shiga bin unguwanninsu da tsakar dare, yana zuba garin cikin kaskon suya, ya kunna. Shi da kansa ya ce sau biyu ya sa wa gida wuta, sau ɗaya kuwa kansa ya cinna wa. Da littafinsa ya fito a 1890, masu hali suka ga abin da da su ke musu. Gani ya kori ji. Theodore Roosevelt, wanda ya shugabanci hukumar 'yan sandan birnin daga 1895, ya riƙa bin sa yawon dare, aikinsa kuma yana cikin abin da ya jawo dokar gidajen haya ta 1901.

To, a nan ne mu ke so a lura. Garin nan ba a manna shi jikin akwatin hoto, riƙe shi a ke yi can gefe, a ɗaga sama, don gudun ƙuna. Ashe tilas ɗin nan alheri ce. Hoton baƙi da fari ba shi da launi, inuwa ce kaɗai ke fid da kamannin mutum. Hasken da ya zo daga gaba sak ya kan shafe fuska ta zama kamar faifai, amma na gefe ya kan nuna ƙashin kumatu da tamojin goshi.

Cikin 1929 aka fara sayar da ƙwan walƙiya a Jamus, wuta ta koma cikin gilashi. Daga 1931 kuma Harold Edgerton na Amurka ya kyautata fitilar lantarki mai walƙawa ba adadi. Duk da haka gwanaye ba su bar ɗauke fitila daga kan akwati ba, ba su kuma bar lissafi da ka ba. Ƙa'idar ita ce, in ka ninka nisan fitila sau biyu, rubu'in haske ne ke isa. Kowace fitila tana da lambarta, sai a raba ta da nisa a sami girman ƙofar haske: lamba 32, nisa mita 4, ƙofa 8 ke nan. Fim kuwa ba ya nuna kuskure sai an wanke shi, lokacin mai abu ya tafi.

Saboda haka masu riƙe da wannan sana'a har yau, kada ku ɗauki fitila abin wasa. Wanda ya riƙe ta shi ke zaɓen abin da za a gani da abin da zai saura cikin duhu. Allah ya sa mu haska gaskiya.