Ƙahon ƙarfe mai tan 340 da ya koyi bin tauraro da kansa

Yau tarihi za mu taɓa, kuma ya shafi parabol ɗin da ke kan rufin gidajenmu.

Ranar 10 ga Yuli 1962 Amurka ta harba tauraron ɗan adam mai suna Telstar, don ya ɗauko hoton talabijin ya tsallake tekun Atlantika. Ɗan ƙaramin abu ne, faɗinsa bai kai mita ɗaya ba, kuma ba ya tsayawa. Cikin awa biyu da rabi da ƴan mintuna yake zagaye duniya, kuma minti ashirin ko makamancin haka ne kawai Amurka da Turai ke ganinsa tare. Sautinsa ma da ƙyar yake isowa ƙasa, sai eriya ta saita shi daidai. In ta kauce kaɗan, hoto ya tafi.

Faransa ta gina tata tasha a ƙauyen Pleumeur-Bodou, a yankin Bretagne: eriya mai siffar ƙaho, nauyin tan 340, an rufe ta da wata farar rumfa da iska ke kumburawa, tsayinta mita 50. Hannun mutum ba zai iya juya irin wannan kaya da saurin da ake so ba. To, sai kwamfuta ta lissafa hanyar tauraron tun kafin ya ɓullo, injuna su kai ƙahon wurin. Da zarar ya kama wata alama da Telstar ke aikowa, sai ya riƙe ta. In alamar ta karkata gefe, na'urar ta ji, ta umarci injunan su gyara, haka har tauraron ya faɗi. A daren nan Faransawa suka kama hoton farko tsaf, Ingilishi a Goonhilly kuwa dishi-dishi suka gani saboda kuskuren saiti.

Abin mamaki, ba a daɗe ba wahalar ta ragu. Daga 1965, da Early Bird, aka koma ajiye taurarin sadarwa a nisan kilomita kusan 36,000 saman tsakiyar duniya, inda suke juyawa tare da ita, ka ce a tsaye suke. Shi ya sa mai gyara ke hawa rufi sau ɗaya, na ɗaki na ihu "ya zo, ya tafi, tsaya nan!", a ɗaure kusoshi, shi ke nan sai iskar damina ta yi ɓarna.

Yanzu tsohuwar matsalar ta dawo. Taurarin Starlink, da suka fara aiki a Nijar a 2025, suna gudu ne a nisan ƴan ɗaruruwan kilomita kawai, kowane ƴan mintuna wani ya wuce wani ya shigo. Farantin nan mai lebur yana binsu ba tare da ya motsa ba: ɗaruruwan ƙananan eriyoyi ne a ciki, suna karkatar da sautin ta hanyar lantarki.

Ƙahon Pleumeur-Bodou kuwa ya daina aiki a 1985. Yana nan cikin rumfarsa, an mai da wurin gidan tarihi.