Lenore Walker da Tambayar "Me Ya Hana Ta Fita?"

Shekara da shekaru a Amurka, idan miji ya lakaɗa wa matarsa duka, ita ake tuhuma: me ya hana ta fita? A 1979 Lenore Walker, masaniyar halayyar ɗan Adam, ta amsa a littafinta The Battered Woman, bayan ta saurari matan da abin ya shafa. Ta nuna cewa dukan zagaye yake yi: zaman ɗar-ɗar, sai duka, sai lallashi da rantsuwar tuba. Lallashin nan shi ne igiyar da ke ɗaure mace. Daga baya kotuna suka fara karɓar shaidar masana a kan haka. An soki wasu hujjojinta, amma ta taimaka tuhuma ta koma kan mai dukan.