Tarihin Fulogin: Yadda Situdiyo Ya Koma Cikin Kwamfuta

Kafin shekarun 1990, duk mawaƙin da yake son muryarsa ta yi amo kamar a babban zaure, sai an nemo masa na'urar da aka ƙera don wannan aiki kaɗai. Mai daidaita ƙarfin murya akwatinsa daban, mai tace sauti nasa daban, kowanne da wayoyinsa da farashinsa. Ɗaukar waƙa mai kyau sai masu hannu da shuni.

A 1992 kamfanin Waves na Tel Aviv ya fitar da Q10, 'yar ƙaramar manhajar tace sauti da ake cusawa cikin babbar manhaja ta yi aikin wancan akwati. Irin wannan ake kira fulogin. Amma wanda ya buɗe ƙofar gaba ɗaya shi ne kamfanin Steinberg na birnin Hamburg a Jamus, da ya shigar da tsarin VST cikin manhajarsa ta Cubase a 1996. Fulogin huɗu kacal ya zo da su, kuma ba wasu na a zo a gani ba ne. Hikimar tana wani wuri: kamfanin ya bayyana ƙa'idojin tsarin, ya ce kowa ya ƙera nasa. A 1999 VST 2 ya ba fulogin damar yin kiɗa da kansa, aka soma da wani fiyano mai suna Neon. Daga nan ɗakin kwana ma ya isa situdiyo.

Wanda kunnen Bahaushe ya fi sani shi ne Auto-Tune, wanda kamfanin Antares ya fitar a 1997. Mai ƙirƙirarsa, Andy Hildebrand, injiniya ne da ya yi aikin binciken man fetur da lissafin amon ƙarƙashin ƙasa, sai ya juya lissafin kan muryar ɗan Adam. An yi shi ne don gyara kuskure a ɓoye, amma waƙar mawaƙiya Cher ta 1998 ta murɗa shi har ƙarshe, murya ta koma tamkar ta inji. Da situdiyoyin Kano suka haɗa fiyanon Yamaha da kwamfuta, wannan rawar murya ta samu gindin zama a waƙoƙin fim, har wasu masu sauraro suka ɗauka haka muryar mawaƙan take.

Sai dai tun farko akwai tarko a ciki. Fayil ɗin aiki ba ya ajiye sautin fulogin, sunansa kawai yake riƙewa da inda aka murɗa kowane maɓalli. Mai haɗa sauti ya buɗe waƙar da ya gama shekaru biyar baya a sabuwar kwamfuta, sai saƙo ya faɗo cewa ba a ga fulogin kaza ba. Ya danna, murya ta fito a bushe, amo ya tafi, ganga ta danne kowa. Mawaƙi kuwa yana tsaye a kansa yana cewa baiti ɗaya kawai yake so a sauya.

A ganina, mafi yawan sauyin fulogin da ake yi ba zaɓin makaɗi ba ne, kamfanoni ne ke tilasta shi. Apple ya sayi kamfanin Emagic a 2002, ya daina yi wa masu Windows manhajar kamfanin mai suna Logic, ya kuma karkata ga nasa tsarin, Audio Units. A 2013 manhajar Pro Tools 11 ta yi watsi da tsarin RTAS ta riƙe AAX kaɗai, Logic Pro X ma a shekarar ya ƙi karɓar fulogin masu bit 32. Steinberg, wanda ya fitar da VST 3 tun 2008, ya gaji da jiran mutane su ƙaura don kansu, ya daina ba da sabon lasisin VST 2 a Oktoban 2018. Da kwamfutocin Apple masu M1 suka zo a 2020, aka sake sabon lale. Fulogin da mai shi ya mutu ko ya rufe kamfani, shi ke nan. Shi ya sa ƙwararru ke fitar da kowane layin sauti a matsayin fayil ɗin WAV kafin su taɓa komai.

Masu saye ma sukan yi tutsu. A Maris ɗin 2023 Waves ya ce ya daina sayar da fulogin, sai dai haya. Aka yi masa ca, cikin 'yan kwanaki ya janye. Wasu kamfanoni ma sun nemi mafita: watanni kafin nan, Bitwig da u-he, duka na Berlin, sun fito da CLAP, tsarin da kowa ke iya amfani da shi kyauta ba tare da neman izinin wani kamfani ba. Manhajojin FL Studio da Reaper sun riga sun karɓe shi.